Yadda Ake Fentin Ƙananan Mutum-mutumin Wasan Yaƙi da Ɗaukar Hotonsu Domin Gasa

Ɗan mutum-mutumin da ake wasan yaƙi da shi a kan tebur, ko jarumi ne mai sulke ko dodo ko matsafi, tsawonsa yawanci milimita 28 zuwa 32 ne, bai kai ƙaramin yatsa ba, kuma daga wannan ƙanƙanta duk wahalar aikin ta samo asali. Hasken da ya sauka a kan mutum na gaske yana fitar da inuwa a ƙarƙashin haɓarsa da cikin ninkin rigarsa, amma a jikin abin da ya ƙanƙance haka inuwar ba ta da ƙarfin da ido zai kama, saboda haka mai fenti ne zai zana hasken da inuwar da hannunsa. Idan aka zo ɗaukar hoto kuma, aikin kyamara shi ne ta nuna hasken da aka zana ba tare da ta kawo nata ya yi karo da shi ba.

Kafin a taɓa buroshi, a karanta dokokin gasar. Wadda ta fi suna ita ce Golden Demon, ta kamfanin Games Workshop mai hedikwata a Nottingham ta Ingila, wadda aka fara a 1987, kuma gwarzonta yana tafiya gida da takobi na gaske mai suna Slayer Sword. A wannan gasa mutum-mutumin kamfanin kaɗai ake shigarwa, alhali baje kolin da ake yi a garin Monte San Savino na Italiya bai tsaya ga kamfani ɗaya ba. Akwai kuma gasannin intanet waɗanda alƙalansu hoto kawai suke gani. Rundunar da za a yi wasa da ita daga nesa ake kallonta, amma na gasa alƙali zai kawo shi daf da idonsa, ya juya shi, ya leƙa har ƙarƙashin hammata.

Dalili ke nan da ya sa gyaran jiki ke gaba da komai. Kowane mutum-mutumi yana fitowa da siririn layi a inda ɓari biyu na mazubinsa suka haɗu, kuma layin da ba a kula da shi a kan roba tsirara ba sai ya fito ɓaro-ɓaro da zarar fenti ya hau. A kankare shi da bayan wuƙa, a bi da sanfefa mai laushi, a toshe tsagar da ke tsakanin gaɓoɓi da ƙullin cike rami. Wanda aka yi da rezin, wani nau'in roba mai tauri, a wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, domin maiƙon da aka shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa, kuma a sa takunkumi lokacin goge shi saboda ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Daga nan a kafa shi a kan ɗan katako ko murfin kwalba, kada yatsa ya sake taɓa shi.

Fentin shimfiɗa, wato na farko da sauran ke kamawa a kansa, yana iya zama taswirar aikin gaba ɗaya. A fesa baƙi a ko'ina, idan ya bushe a fesa fari kaɗan daga sama, daga gefen da aka zaɓa haske ya riƙa fitowa. Inda farin ya sauka nan ne wurin haske, inda baƙin ya rage nan ne inuwa. A ɗauki hotonsa a wannan hali ta kowane gefe a ajiye, domin bayan mako biyu, lokacin da launuka suka rufe komai, wannan hoton ne zai tuna wa mai aikin inda ya ajiye haskensa.

Kayan aikin ba su da yawa. Buroshin da aka yi da gashin kolinski, wata 'yar dabba ta yankin Saberiya mai kama da tunku, irin su Winsor & Newton Series 7 ko Raphaël 8404, shi aka fi yabo, kuma lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya fi ɗan mitsitsin nan amfani, saboda cikinsa yana riƙe ruwa, fentin ba ya bushewa kafin ya isa jikin aikin. Faranti mai damshi kuwa, wanda ake zuba fenti a kai don kada ya bushe, mutum yana iya haɗa shi da kansa: soso jiƙaƙƙe a cikin akwati mara zurfi, da takardar da ake gasa burodi a kanta a shimfiɗe a kai. Fentin akirilik, na kamfanin Games Workshop ne ko na Vallejo, sai an sirka shi da ruwa har ya yi kusan ruwa-ruwan madara, a shafa sau uku ko huɗu. Shafi ɗaya mai kauri yana cike ƙananan sassaƙa, kuma abin da ya cike ba ya dawowa sai an wanke fentin duka.

A ganina abin da ya fi raba gwani da mai koyo shi ne tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu. Mai koyo yakan ji tsoro, ya tsaya a tsakiya, sai aikin ya fito tsaf amma ba rai. A jar alkyabba, misali, can cikin ninki ya kamata jan ya nutse har ya kusa zama shunayya mai duhu, a kan kafaɗa kuma ya haura zuwa ruwan lemo, kuma tsakanin su biyun a bi da shafi mai ruwa sosai, ana jan buroshi zuwa inda ake son launin ya taru, har sai ido ya kasa nuna inda wani ya ƙare wani ya fara. Ba a sa fari a haskaka ja, domin ruwan hoda zai koma. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗauki hoton aikin da waya a mayar da shi baƙi da fari, idan duk ya haɗe ya zama toka ɗaya to da sauran aiki. Mafi haske da mafi tsabtar aiki a tara su a fuska da ƙirji, takalma da bayan ƙafa a bar su su lafa, tun da fuska ido yake fara nema.

Akwai salon da gasa ta fi so, wato zana ƙarfe da fentin da ba shi da ƙyalli ko kaɗan, kamar yadda masu zanen allo suke yi tun ƙarnoni da suka wuce. A ɗauki takobi mai fuska biyu. A fuskar sama haske ya tashi daga toka mai duhu a wajen ƙota ya kai kusan fari a wajen tsini, a fuskar ƙasa a juya tsarin, ta yadda a kowane wuri haske yana maƙwabtaka da duhu. Sai a ja siririn layi a kan kaifi, a ɗiga fari tas a wuri ɗaya ko biyu kawai. Zinariya ma haka take, daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa rawaya zuwa farin hauren giwa. Salon yana da saurin tona asiri, domin idan hasken takobi ya fito daga hagu na kwalkwali kuma daga dama, ko wanda bai san fenti ba zai ji wani abu bai zauna ba. Gindin da mutum-mutumin ke tsaye a kai shi ma ana duba shi, amma launinsa kada ya fi na mai shi ƙarfi.

A wajen hoto fitila ta fi kyamara muhimmanci. Ana bukatar fitilu biyu iri ɗaya masu hasken rana, wajen Kelvin 5,000 zuwa 5,500 a ma'aunin launin haske, waɗanda ma'aunin fitar da launinsu, CRI, ya haura 90. A ajiye su a gaba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sama kaɗan da aikin, a tare kowace da farin ƙyalle mara kauri domin hasken ya yi laushi, sannan a kashe fitilar ɗaki da filashin kyamara. Na taɓa barin wata fitila mai ruwan rawaya a kunne a bayana, sai shuɗiyar alkyabbar da na yi kwana goma a kanta ta fito a hoto kamar ta sha wanki ta koɗe, ban kuma gane dalili ba sai da na ɓata dare ina zargin fentin. Haske mai kaifi daga sama shi ma ɓarna ne, yana ƙara inuwa ta gaske a kan wadda aka zana, fuska ta nutse. Idan wani sashe yana walƙiya, a fesa ruwan kariya mara ƙyalli, bayan an gwada shi a kan wani abu dabam.

Kyamarar a ɗora ta a kan abin tsayarwa mai ƙafa uku, gilashinta daidai ƙirjin mutum-mutumin, kada ta kalle shi daga sama. A sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11 domin daga tsinin takobi har gefen alkyabba su fito sarai, a kuma saita ta ta jira daƙiƙa biyu bayan an danna, saboda motsin hannu. Matse ƙofar fiye da f/16 yana sa hoton ya dushe. Matsowa kusa sosai kuma yana kumbura abin da ke gaba, don haka gara a ja baya a yanke hoton daga bisani, kuma mai amfani da waya ya yi haka da gilashinta mai jawo nesa. Manyan dodanni masu fukafukai sukan bukaci a ɗauki hotuna da yawa, kowanne ya kama wani zurfi, a haɗe su a kwamfuta.

Bangon da ke bayan aikin ya zama ruwan toka ko baƙi mara ado, a nesa kaɗan da aikin. Fari tas yana ruɗin kyamara ta duhunta mutum-mutumin, baƙi ƙirin kuma yana sa ta ƙona wuraren haske, don haka a riƙa gyara ma'aunin hasken kyamarar da hannu. A fara da hoton kati mai ruwan toka a ƙarƙashin fitilun nan domin daidaita launi. A ɗauki gaba da baya da gefe biyu, da ɗaya na kusa a fuska, hoton farko kuma ya kasance daga kusurwar da aka zana hasken dominta. Gyaran kwamfuta ya tsaya ga yanke hoto, daidaita launi da share ƙurar bango, amma goge kuskuren buroshi ko ƙara wa launi ƙarfi maguɗi ne. Kafin a aika, a riƙe mutum-mutumin a gefen allon kwamfuta a gwada jansa da shuɗinsa da na hoton, sannan a duba girman fayil da adadin hotunan da dokar gasar ta yarda da su.