Yadda ake zaɓen ƙwararriyar ungozoma a Yamai

Ungozoma iri biyu ce a garin nan. Akwai ta gargajiya, wadda ta koya a hannun iyaye da kakanni, akwai kuma sajfam, wadda ta yi karatun shekara uku ta fito da difuloma ta gwamnati daga makarantar koyon aikin lafiya irin ENSP Damoure Zika. Ta farkon tana da ranarta wajen wankan jego da kula da jinjiri, amma ranar haihuwa ta biyun kike nema.

Ki fara neman tun ciki bai cika wata uku ba. Je ki CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku, ko Bukoki kike ko Talaje, ki buɗe karne na awo. Kusanci na da muhimmanci, domin naƙuda ba ta duba agogo, kuma taksi na wuya da ƙarfe biyun dare. In kilinik mai zaman kanta kika zaɓa, tambayi izininta na ma'aikatar lafiya, ki kuma tambayi wa ke kwana da dare. Farar riga kowa na sawa: wata matron ce, mai taimako kawai ba sajfam ba, wata ɗaliba.

Awon farko shi ne jarrabawarta. Ki lura ko ta yi waɗannan: gwada tansiyo, ɗora ki a sikeli, duba idanu da tafin hannu saboda ƙarancin jini, tura ki gwajin jini da fitsari, tambayar haihuwar baya (ɓari, tiyata, zubar jini). In ciki ya girma za ta auna tsawonsa da mita, ta saurari bugun zuciyar ɗa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti. Za ta ba ki ƙwayar ƙarin jini ta kullum, rigakafin tetanos, gidan sauro, da Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, daga wata na huɗu, sau uku ko fiye, wata guda tsakani. Duk ta rubuta a karne. Wadda ta shafa ciki kawai ta ce "lafiya lau", ki canja. Tun 2016 hukumar lafiya ta duniya OMS ke ba da shawarar awo takwas.

Sai tambayar da ta fi kowace: "Madam, in abu ya gagara, ina za ki tura ni, kuma da wace mota?" Ƙwararriya ba ta jin haushin wannan. Za ta ambaci babban asibitin haihuwa, Matanite Issaka Gazobi, ko asibitin Pudiriyar, inda ake tiyata da ƙarin jini, ta faɗi yadda ake samun ambulans. Za ta gaya miki tun da wuri cewa mai tsohon ɗinkin tiyata, mai tagwaye, mai ɗan da ya kwanta a gicciye, da mai tansiyo 140/90 ko sama, ba a ƙaramin wuri za su haihu ba. Wadda ke alfahari ba ta taɓa tura kowa ba, ita ce abin tsoro. Riƙe mace kwana biyu tana naƙuda shi ke sa kan ɗa ya danne mafitsara har nama ya mutu, a ƙare da yoyon fitsari.

Ki nemi leƙa ɗakin haihuwa. Ruwa da sabulu, safar hannu sabuwa, fitilar da ba ta dogara da wutar NIGELEC kaɗai ba, da firij mai oksitosin, allurar da ake yi cikin minti ɗaya bayan fitowar ɗa don tsayar da jini. Zafin Afrilu na rage mata ƙarfi in an bar ta a kan tebur. Tambayi kuma ko akwai sulfat na magnesiyom, maganin jijjiga.

Halinta fa? Matan da suka haihu a hannunta za su faɗa miki ko tana tsawa, ko tana danna ciki don ɗa ya fito, abin da ke iya fasa mahaifa.

Kafin wata na takwas, maigida ya san rukunin jininki, ya tanadi 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini, kuɗin mota da lambar sajfam ɗin. Bayan haihuwa ki zauna awa 24 a ƙarƙashin idonta kafin ki koma gida.