Kurakuran magoya bayan Dallas Cowboys idan 'yan jarida sun soki ƙungiyarsu

A Amurka babu ƙungiyar gasar NFL da ake tauna sunanta a rediyo da talabijin kamar Dallas Cowboys. Ko ta ci ko an ci ta, gari na wayewa ita ce a bakin masu sharhi. Wannan ƙwallon ba irin tamu ta ƙafa ba ce, ita ce mai siffar ƙwai da ake rungumewa a ruga da ita. Amma zafin da mai goyon baya ke ji idan an taɓa ƙungiyarsa bai bambanta da wanda muke gani a gidan kallo ba ranar da aka lallasa Arsenal ko Manchester United. Na daɗe ina bibiyar yadda masoyan Cowboys ke mayar da martani, kuma yana damuna yadda fushi ke sa su zubar da hujjar da ke hannunsu.

Babban kuskuren shi ne a bar magana a kama mai maganar. Stephen A. Smith na tashar ESPN ya yi suna wajen tsokanar magoya bayan Cowboys a shirin First Take, har yakan ɗora hular kaboyi ya yi ta ƙyaƙyata dariya duk ranar da aka doke su. Da ya buɗe baki sai a ce maƙiyi ne, ɗan hassada ne, a rufe zancen. To, ko da maƙiyin ne, me ya faɗa? Ya daɗe yana cewa ƙungiyar takan ruguje a lokacin da ake matuƙar buƙatarta. Kaka uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, Cowboys ta ci wasa 12 ta faɗi 5 a kowacce. Ranar 14 ga Janairun 2024 kuma Green Bay Packers ta bi ta har gida, a filinta na Arlington, ta yi mata 48 da 32 a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale. Wanda ya amsa wannan da zagi bai amsa komai ba. Gyaran ba shi da wuya: ka cire sunan mai sharhin, ka rubuta abin da ya yi iƙirari a jimla ɗaya, sannan ka tambayi kanka ko da za ka musa da a ce abokinka ne ya faɗa maka.

Daga nan sai fakewa da tarihi. Ana taɓa ƙungiyar sai ka ji an ce kofin Super Bowl, wato kofin zakaran NFL, biyar gare mu. Gaskiya ne, biyar ne. Sai dai na ƙarshen a Janairun 1996 aka ɗauke shi, lokacin da suka doke Pittsburgh Steelers 27 da 17, kuma tun daga nan ba su sake kaiwa ko wasan ƙarshe na ɓangarensu na NFC ba, wanda daga shi sai Super Bowl. Dak Prescott, wanda ke jagorantar harin ƙungiyar a yau, shekararsa biyu a duniya a lokacin. Idan sukar da aka yi ta shafi wasan ranar Lahadi, da wasan ranar Lahadi ake amsa ta: sau nawa aka ƙwace ƙwallo, yadi nawa aka bari abokin hamayya ya ci da gudu, laifi nawa alƙali ya busa.

Akwai kuma jefa dukkan 'yan jarida cikin kwando ɗaya. Mai shirin musu na safe aikinsa ya tayar da ƙura, domin yawan masu kallo ne abincinsa, kuma duk wanda ya tura guntun bidiyonsa cikin fushi talla ya yi masa kyauta. Wakilin jarida irin Dallas Morning News ko Fort Worth Star-Telegram kuwa yana zuwa sansanin atisayen ƙungiyar a Frisco, yana ganin wanda ya ji rauni, yana yi wa koci tambaya ido da ido. Na farkon ana iya kallonsa don nishaɗi a wuce. Na biyun idan ya ce akwai ɓaraka, ya cancanci a tsaya a karanta har ƙarshe kafin a yi masa raddi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sauke fushi a kan wanda bai dace ba. Sau da yawa sukar da ake yi tana kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar ne, amma sai magoya baya su juya ta ta koma musu a kan Prescott, wasu na kare shi wasu na tsine masa. Jerry Jones ya sayi Cowboys a 1989, kuma har yau shi ne mai ita, shi ne kuma janar manaja mai zaɓen 'yan wasa. A yawancin ƙungiyoyi idan manaja ya gaza mai ƙungiya yakan sallame shi. A Dallas wa zai sallami wa? Jones ne ya amince da kwantiragin Prescott na dala miliyan 240 na shekara huɗu a Satumbar 2024, a gasar da ke da iyakar kuɗin albashi, inda duk abin da aka ba mutum ɗaya ya fita daga rabon sauran. Shi ne kuma ya miƙa Micah Parsons, tauraron 'yan tsaron ƙungiyar, ga Packers a Agustan 2025. A Oktoban 2024, bayan Detroit Lions ta yi musu 47 da 9, Jones ya harzuƙa da masu gabatar da shirin rediyon da yake fitowa a ciki saboda tambayoyinsu. Tambayoyin nan su ne waɗanda ya kamata mai son ƙungiyar ya so a yi.

Maganar alƙalan wasa ba zan daɗe a kanta ba. Kamun ƙwallon da ɗan wasan Cowboys Dez Bryant ya yi a wasan Packers na Janairun 2015, wanda aka soke, ƙorafi ne mai tushe, har NFL ta gyara dokar kamu a 2018. Amma busa ɗaya ba ta bayanin shekara kusan talatin.

Wasu kuma sukan faɗa ɗaya ɓangaren, su haɗiye duk abin da aka faɗa don kada a ce musu masu son zuciya. Wannan ma kuskure ne, domin akwai sukar da ta wuce gona da iri. A 2020 Prescott ya fito ya bayyana cewa ya yi fama da ciwon damuwa, a shekarar da ya rasa yayansa. Skip Bayless, wanda shi kansa masoyin Cowboys ne, ya soke shi a shirinsa na Fox Sports, yana ganin bai kamata jagoran ƙungiya ya nuna irin wannan rauni a bainar jama'a ba. Jama'a sun yi ca a kansa, kuma tashar ta fito ta nesanta kanta daga kalaman. Martanin ya yi tasiri ne saboda an kama ainihin abin da ya faɗa, an nuna inda ya cutar, kuma magoya bayan wasu ƙungiyoyin ma sun shigo sun tsaya wa Prescott.