Babi na 7: Kula da Tsohuwar Marsandi Mai Shan Gas

Wannan babi na masu tsohuwar Marsandi mai shan gas ne, da direbobin da aka danƙa wa irinta amana. Gas a nan shi ne man dizal, wanda mutanen Nijar ke cewa gazuwal. A karanta a hankali. Inda aka ce a je a taɓa abu, a ajiye littafin a je a taɓa. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya sa ɗansa ya karanta masa, shi kuma ya riƙa yi da hannunsa. Babu kunya a neman sani.

Darasi na 1: San motarka

Zagaya bayan motar. A kan but akwai lamba da harafi. Karanta lambar: 200, ko 240, ko 250, ko 300. Yanzu dubi harafin da ke binta. In D ne, motarka gas take sha. In E ne, kamar 230E, ta fetur ce, wannan babi ba nata ba ne. Lambar kuma girman inji take faɗi: 300 na nufin inji mai lita 3.

Iri biyu aka fi gani a garuruwanmu. Akwai tsohuwar yayi, wadda kamfanin ke kira W123. An fara ta a 1976, aka yi ta ƙerawa kusan shekara goma, har aka fitar da kimanin miliyan 2.7. Sai ƙanwarta W124, wadda ake wa laƙabi da V-but saboda yankan but ɗinta. Dukansu 'yan Jamus ne, kuma dukansu sun girmi yawancin yaran garejin da ke kwance su yau.

Injin wannan mota yana da tsawon rai. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ɗinsa, ta yayin W115 da ya gabaci W123, har kamfanin ya karɓe ta ya kai gidan tarihinsa a 2004. Amma shi yana duba motarsa. Taka ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta sauka a Kwatano, kuma ba ka san wahalar da ta sha ba. An sayar maka da ita da araha, sai dai kayan gyaranta har gobe kayan Marsandi ne, kuɗinsu ma haka.

Darasi na 2: Duba baƙin mai

Wannan shi ne darasi mafi girma a babin. In ka manta sauran duka, kada ka manta wannan.

Lokacin dubawa shi ne da safe, kafin ka tayar da mota. Motar ta tsaya a wuri mai daidai. In gabanta ya hau tudu, ko gefe ɗaya ya faɗa kwata, awon zai yi maka ƙarya. Nemi tsumma mai tsabta ka riƙe a hannun hagu. Tsohuwar singileti ma ta isa, in dai babu yashi a jikinta.

Buɗe bonet. A gefen inji za ka ga wani ɗan zobe da yatsa ke shiga. Shi ne kan geji, wato dogon siririn ƙarfen da ake auna mai da shi. In motarka otomatik ce, akwai geji na biyu can baya kusa da gilashi. Wancan na giya ne, mansa ja ne. Ƙyale shi yanzu. Na inji muke nema.

Ga yadda ake yi. Zaro gejin. Kada ka karanta. Goge shi tas da tsumman. Mayar da shi raminsa, ka tura har ya zauna. Sake zaro shi. Yanzu ka karanta.

Mu sake. Zarowar farko ta gogewa ce. Zarowa ta biyu ita ce ta karatu.

A nan kowa ke tuntuɓe. Na tsaya a bayan ɗalibai da yawa ina kallo, kusan kowa da zarar ya zaro ƙarfen sai ya ɗaga shi sama ya ce, “Malam, akwai mai.” Ina ka san akwai? Lokacin da inji ke aiki, mai yana fantsama ya shafi ramin gejin har sama. Abin da ka gani a zarowar farko shafe-shafen jiya ne. Shi ya sa ake gogewa. Ka goge, ka mayar, ka sake zarowa.

A bakin gejin akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama. A wasu an rubuta MIN a ƙasa, MAX a sama. Ku kwafi kalmomin nan a littafinku: M-I-N, mafi ƙaranci, M-A-X, mafi yawa. Mai ya tsaya tsakanin biyun, kuma gara ya fi kusa da ta sama. Riƙe gejin da bakinsa yana kallon ƙasa. In ka ɗaga bakin sama, man zai gangaro ya ɓata awon, sai ka sake daga farko: goge, mayar, zaro.

Wani dattijo a ajinmu yana gogewa da kyau, amma in zai mayar sai ya tsaya a rabi, wai kada ƙarfen ya karye. Da ya zaro sai ya ga babu mai, hankalinsa ya tashi, ya aiki yaro ya sayo galan guda ya ɗura. Man ya wuce alamar sama da nisa, sai da aka kira bakanike ya rage. Ba laifin Baba ba ne, babu wanda ya taɓa nuna masa. Ku kam an nuna muku. Tura shi har ƙarshe, har ka ji ya zauna. Ba zai karye ba.

In mai ya yi ƙasa, buɗe murfin da ke saman inji ka zuba rabin lita kawai. Jira minti biyu ya sauka. Sannan ka auna: zaro, goge, mayar, zaro. In bai kai ba ka ƙara wani rabin. Sannu ba ta hana zuwa. Mai da ya yi yawa ma ɓarna yake yi, yana tura robobin inji su fara yoyo.

Kada baƙin launi ya firgita ka. Man injin gas yana yin baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye, wato canjin mai, saboda ƙunar hayaƙi da yake kwashewa. Haka halinsa yake. Abu biyu ne abin tsoro. In ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In kuma ka ga yana ƙaruwa da kansa, yana warin gas, to gas ne ke zuba a ciki. Ko wanne ka gani, kada ka tayar da motar. Kira bakanike ya zo gida.

Aikin gida: gobe da safe ka auna sau uku a jere. Kowane karo ka faɗa da bakinka: na zaro, na goge, na mayar, na zaro. Ko maƙwabta sun yi dariya, bar su. Ba su za su saya maka inji ba.

Darasi na 3: Tayar da inji

Ka duba baƙin mai? Ka goge gejin kafin ka karanta? To, madalla, shiga ka zauna.

Injin gas ba shi da fulogi irin na fetur. Matse iska yake yi har ta yi zafi, zafin ya kunna man. Da safe ƙarfe ya yi sanyi, don haka aka sa masa hita, waɗansu 'yan ƙarafa da ke ɗumama cikin inji. Murɗa makulli har fitilun gabanka su kama, ka tsaya nan. Nemi 'yar fitila mai zanen waya a nannaɗe. Ita ce ta hita. Jira ta mutu. Sai ta mutu za ka ƙarasa murɗawa.

Da sanyin hunturu, musamman a wurare irin Jos, jiran yakan ɗan daɗe. Jira dai. In ka murɗa motar ba ta tashi ba cikin ƙirgen goma, saki. Mayar da makulli baya, ka sake ba hita lokaci. Kada ka danne makulli kana gurzar inji har batir ya mutu. Batirin motar gas babba ne, kuɗinsa ma babba.

Da ta tashi, dubi agogon baƙin mai, mai zanen 'yar buta. Allurarsa ta haura sama cikin daƙiƙa kaɗan. In ba ta motsa ba, kashe nan take. Kuma kada ka taka totur kana sa ta kuka da sassafe don unguwa ta san Alhaji zai fita. Bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu, sannan ka ja a hankali.

Darasi na 4: Shan mai

Yaron gidan mai in ya ga ƙaramar mota, hannunsa fetur yake nufa. Fito daga motar ka tsaya a kansa. A Nijeriya, famfon gas an rubuta masa AGO, na fetur PMS. A Nijar za ka ga GASOIL. Karanta da idonka kafin ya zura. In an yi kuskure an zuba fetur, kada ka murɗa makulli ko kaɗan. A tura motar gefe, a juye tanki.

Man jarka na bakin titi yakan zo da ruwa, ko datti, ko gaurayen kananzir. Gas yana da santsi, da santsin nan famfon inji da nozul, wato bakunan da ke fesa gas cikin inji, ke rayuwa. Kananzir ba shi da shi sosai. Ka rage naira kaɗan yau, ka biya kuɗin famfo gobe.

Filtar gas biyu ce. Akwai ƙarama ta roba da ake ganin cikinta, akwai babba ta ƙarfe. Ka riƙa leƙa ƙaramar. In ta yi duhu, canja ta, ba ta da tsada. Ajiye guda a cikin mota.

Kada ka bari gas ya ƙare ƙaf. Iska za ta shiga layin mai, motar ta ƙi tashi ko an cika tanki. A W123 akwai ɗan famfon hannu a gefen inji, ana buga shi har ya yi tauri. V-but ba ta da shi, ita da kanta take fitar da iskar in ana murɗawa, amma batir ne zai sha wuya. Allurar tanki na sauka kwatan tanki, nemi gidan mai.

Darasi na 5: Juye da littafin mota

Sayi littafi na 'yan makaranta ka ajiye a mota. Duk ranar juye, rubuta kwanan wata da lambar kilomita da ke agogo. Ƙara 5,000 a kai, ka rubuta a gefe. Misali, in agogo ya nuna 312,400, juye na gaba shi ne 317,400. Ƙurar ƙasarmu ba ta barin a wuce haka. A sa man injin gas, irin 15W-40, a canja filtar baƙin mai tare. Injin 300D yana ɗaukar wajen lita 7.

Bayan juye, kada ka yarda da “an cika, Alhaji.” Auna da kanka. Kuma wallahi na gaji da maimaita wannan: makon da ya wuce na ga mutum da gemunsa, wanda ya zauna a darasi na 2 tun daga farko har ƙarshe, ya zaro geji ya leƙa ya mayar, tsumma na rataye a kafaɗarsa. Me tsumman ke yi a kafaɗa? Ado ne? Ranar da inji ya buga, za ku zo kuna cewa ƙaddara. Ka san kuɗin inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka? Je ka tambaya, ka dawo ka goge geji.

In W123 ce, a gyara bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a inji, duk kilomita 20,000. V-but tana daidaita nata da kanta.

Darasi na 6: Ruwa

Duba ruwan lagireto da safe, inji na sanyi. Kada ka taɓa buɗe murfin da zafi, zai ƙona maka fuska. Allurar zafi ta zauna wajen 80. In ta wuce 100 tana ci gaba da hawa, sauka gefen titi ka kashe. Kan injin V-but na alminiyom ne, zafi yana tsaga shi. Ruwan rijiya yana barin gishiri a ciki, a sayi ruwan lagireto na kanti.

Darasi na 7: Hayaƙi

Baƙi: duba filtar iska tukuna, sannan nozul. Shuɗi: inji na ƙona baƙin mai, ka ƙara yawan duba geji, ka kuma san yadda ake dubawa. Fari da safe wanda ke ɗaukewa, yawanci hita ce ta yi rauni. Fari da ba ya ɗaukewa, je gareji.

Darasi na 8: In ta ƙi mutuwa

Wani lokaci za ka zare makulli inji ya ci gaba da aiki. Ba aljanu ba ne, wani siririn tiyo ne na iska ya fita ko ya tsage. Buɗe bonet, nemi ɗan ƙarfe da aka rubuta wa STOP, danna shi ka riƙe har injin ya yi shiru.

Darasi na 9: Taya da birki

Duba iskar taya duk mako. In birki ya fara ƙara, kai wa bakanike.