Bayan an ajiye ƙwaya: inda za a nemi taimako da yadda za a tsara watannin farko

Fitar ƙwaya daga jiki galibi aikin mako ɗaya ne zuwa biyu. Abin da ke mayar da mutane ruwa shi ne zaman da ke biyo baya: awannin da a da ake kashewa wajen neman kuɗi, neman dila da zaman majalisa, yanzu sun zama fili. Don haka a tanadi masu tallafi tun kafin ranar dainawa, kada a bari sai ƙawar ƙwayar ta taso a fara laluben mafita.

A fara da likita. Mai shan giya kullum ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam da rochi kada ya yanke lokaci guda a gida, domin yana iya jawo jijjiga da ruɗewa, ga mai shan giya musamman a kwana na biyu zuwa na uku, har ya kai ga rasa rai. Likita ne ke rage su sannu a hankali. Tiramol da kodin kuwa suna kawo ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa da rashin barci, abin ya tsananta a kwanaki ukun farko, ya sassauta cikin mako guda zuwa kwana 10. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA ma ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, da layin kira kyauta dare da rana, 080010203040. Wanda ya taɓa yi wa kansa allura ya nemi gwajin HIV da na ciwon hanta.

Gidan mari ba asibiti ba ne. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani irin wannan gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Kafin a kai mutum kowace cibiya, a tambaya ko akwai likita, ko ana barin 'yan uwa su ziyarta, da kuma abin da aka tsara masa bayan sallama. In babu amsar ta ukun, rabin aiki za su yi. Addu'a da nasihar malam suna da gurbinsu, a haɗa su da magani, kada su kore shi.

Sai mutum guda da za a iya kira ko ƙarfe biyun dare. Ba lallai uba ba, don sau da yawa kunya da fushi sun riga sun toshe wannan hanyar. Kawu, gwaggo, liman ko wanda ya shekara biyu da dainawa sun fi dacewa. Ƙawa kan taso ta lafa cikin minti 20 zuwa 30, aikin wannan mutum shi ne riƙe ka da hira ko fita da kai har ta wuce. A canza layin waya, a kuma canza hanyar zuwa masallaci in ta bi ta tsohuwar majalisa.

Kuɗi ne wurin da iyaye suka fi kuskure. Ganin yaro ya yi ƙiba ya natsu, sai a danƙa masa jari gaba ɗaya. A watanni ukun farko a ba shi na mota da abincin yini kawai, kuɗin koyon sana'a a biya maigidan kai tsaye, abin da ya samu kuma a zuba a adashe ko asusun da wani ke dubawa tare da shi. Sana'ar ma a zaɓa: dako, leburanci da tuƙin dare su ne inda ake shan tiramol don ƙarin ƙarfi. Ɗinki, walda ko gyaran waya a ƙarƙashin maigidan da ya san halin da ake ciki sun fi aminci. Batun “a yi masa aure zai shiryu” kuma a jinkirta shi aƙalla shekara, don kada a ɗora wa 'yar mutane jinyar da ba ta san da ita ba.

Mata sun fi ɓoyewa saboda tsoron saki ko rasa manemi. Ba dole sai an kwantar da mace a asibiti ba, ana iya ganin likita a dawo gida, wata 'yar uwa mai riƙe sirri tana rakiya.

In aka koma sha, haɗarin ya fi na da, domin jiki ya manta adadin da ya saba ɗauka, abin da ake sha a baya yanzu yana iya tsayar da numfashi. Idan mutum bai farka ba ko da an girgiza shi, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun canza launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a faɗi abin da ya sha, don akwai allurar naloxone mai karya ƙarfin kodin da danginsa. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Bayan ya farfaɗo a koma wurin likitansa cikin makon, a binciko abin da ya faru a ranar, ko kuɗi ne suka shigo, ko faɗa aka yi a gida, ko barci ne ya ƙi, a toshe wannan ƙofar.