Yadda ake kare wuya a wasan kokawa, da abin yi idan tsautsayi ya afka

Ran nan bayan la'asar na tarar da yaran layinmu a Fagge sun shimfiɗa tsohuwar katifa a kan siminti, suna kwaikwayon resilin ɗin da suke gani a gidan kallo. Wani ya sunkuci ƙanensa, ƙafafu sama kai ƙasa, yana shirin zama da shi daɓas. Gabana ya faɗi, tun daga nesa na daka masa tsawa: "Kai, sauke shi!" Irin wannan kamun ne ya kusa nakasa ɗan resilin Steve Austin a 1997, da abokin karawarsa Owen Hart ya dire shi a kan tsakar kai. Ƙwararru ke nan fa, balle yara.

Da farko ka san abin da kake karewa. Ƙasusuwa bakwai ne jere a wuya, laka ta ratsa tsakiyarsu, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga hannuwa da ƙafafu. Jijiyoyin da ke tafiyar da numfashi ma daga wajen ƙashi na uku zuwa na biyar suke fitowa. Idan mutum ya sauka da ka, nauyin jikinsa duka kan waɗannan ƙananan ƙasusuwan yake taruwa. Haka ta faru da ɗan resilin Big E a 2022, aka wurga shi ta baya ya sauka da tsakar kai, ƙashi na ɗaya da na shida suka karye. Wani lokaci kuma abokin wasa ne riƙo ke kuɓuce masa, kamar yadda aka yi da Darren Drozdov a 1999, wanda ya zauna a keken guragu har ya rasu a 2023. Akwai kuma raunin da ke taruwa a hankali: shekara da shekaru ana buguwa har hanyar laka ta tsuke, abin da ya sa ɗan resilin Edge ya ajiye wasa a 2011.

To, sai koyon faɗuwa, kafin koyon kayarwa. Ka manna haɓa da ƙirji, ka sauka da faɗin baya, ka mari ƙasa da tafukan hannu biyu don su rage ƙarfin bugun. A fara daga tsugune, a kan yashi mai laushi irin na filin kokawar gargajiya. Katifa ɗaya a kan siminti ba ta tsare komai. Ƙarfafa wuya kuwa ba ya buƙatar kayan aiki: dafa goshi da tafin hannu, ka tura kai hannu na tarewa, sannan ƙeya da gefe biyu, a hankali. Duk kamun da zai juya mutum kai ƙasa a hana shi kwata-kwata, kuma wanda ya gaji ko jikinsa ya jiƙe da gumi kada ya ɗaga kowa.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan faɗuwar, domin tausayinmu kan ƙara ɓarna. Nan da nan za ka ga an rufu a kan yaro, wannan na cewa a tashe shi zaune, wancan na sheƙa masa ruwa, wani na jan wuyan wai ya koma daidai. Kada a yi ko ɗaya. Ka durƙusa ta saman kansa, ka tallafe kan da tafukanka biyu yadda ka same shi. Ka kira sunansa, ka ce ya amsa da baki, ban da gyaɗa kai. Tambaye shi ko yana jin yatsunsa, ko hannu ya mutu, ko yana jin kamar ana tsira masa allura. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Idan amai ya taso, a mirgina shi gefe gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu tare.

Ko ya miƙe da kansa kada ku saki jiki. Austin sai da ya lallaɓa ya ƙarasa wasan a daren nan, da raunin a wuyansa.

Wajen ɗauka a nemi motar asibiti. In ba ta samu ba, mutum huɗu ko biyar su ɗora shi a kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, a naɗe zani a tokare gefen kai biyu, a sa shi a motar da zai kwanta miƙe. Ban da babur, ban da zaunar da shi a adaidaita sahu. Ina girmama masu ɗorin gargajiya, amma wuya sai an ɗauki hoto an ga abin da ke ciki. Ku wuce Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe kan kuma kada ya saki sai ma'aikatan asibiti sun karɓa.