Furen mai gida da kuɗin ajiyarku

'Yan uwa da kuka sauka Ingila bana, sannunku da zuwa. Rajistar likita da katin bas ba sai na tsaya ba, jama'armu na Landan da Manchesta za su kama hannunku, a nan kam ba mu da na biyu. Abin da ba a gaya muku shi ne tukwanen furen da za ku tarar a ƙofar gidan haya, musamman haidiranjiya mai manyan curin fure shuɗi ko ruwan hoda.

Nuwamba na kamawa furen zai kakkaɓe ganye ya koma ƙirare, kamar kuka da rani. Da ransa. Amma duk shekara sai wani ya jefa shi shara, wani ya sare shi har gindi, wata baiwar Allah kuma ta shigo da shi falo kusa da hita wai tausayi. Haba jama'a! Sanyin yake buƙata ya huta. Tohon furen baɗi yana jikin tsofaffin rassan tun kafin sanyi ya shigo, wanda ya sare su ba zai ga fure ba.

Saiwar ce abin tsoro, domin tukunya ba ta tare sanyi. Ku ja ta jikin bango inda iska ba ta bugawa, ku naɗe ta da buhu ko tsohon bargo, ku ɗora ta kan bulo ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ta yumɓu tsagewa take idan ruwa ya daskare a ciki. Busassun furannin ku bar su, su ke kare tohon, sai Maris ko Afrilu a yanke.

Abin da ya sa nake nanatawa shi ne kuɗin ajiya, wato kuɗin da kuke ba mai gidan haya ya riƙe, ya cire daga ciki idan an lalata masa kaya. Mai gidan da na fara haya ya zaftare mini kuɗi kan tukwane da na tarar a fashe, ba ni da hoto, ba ni da bakin magana. Ranar da kuka karɓi makulli ku ɗauki hoton kowace tukunya, ku duba ko tana cikin takardar lissafin kayan gida kafin ku sa hannu, ku karanta ko kula da lambu a wuyanku yake. Doka ta wajabta wa mai gida ya sa kuɗin a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma tun 2019 yawanci ba zai karɓi fiye da hayar mako 5 ba. Idan ya ce zai cire, kada kunya ta sa ku ce "ba komai". Ku kai ƙorafi wurin masu tsarin, kyauta ne, kuma shi za a tambaya hujja.