Yadda ake rabuwa da tiramol ba tare da jefa rai cikin haɗari ba

Da yawa daga samarin unguwannin Nima da Mamobi a Accra da suka yi niyyar barin tiramol kuskure ɗaya suke yi: su zubar da ƙwayoyin dare ɗaya su ce sun tuba. Niyyar tana da kyau, hanyar ce ba ta ɓullewa. Jikin da ya saba, cikin awa 12 zuwa 24 zai fara nema: gumi, zawo, ciwon gaɓɓai, rashin barci, faɗuwar gaba. Wani har muryoyi yake ji, 'yan gida su ɗauka iskoki ne. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, kuma a nan akasari ake komawa ruwa.

Fara da rubuta gaskiya a takarda: guda nawa kake sha a yini, mai lamba nawa, da me kake haɗawa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, don haka mai shan 225 guda biyu ya riga ya ƙetare iyaka. Daga nan farfaɗiya take zuwa.

Kai takardar Asibitin Pantang, na masu taɓin hankali, ko babban asibitin Korle Bu. Zuwa can ba ya nufin ka haukace, kada kunya ta hana ka. Likita zai rage maka a hankali, sau da yawa wajen kashi 10 cikin 100 kowane mako ɗaya ko biyu. Ka ba wani babba a gida ajiyar maganin, ya riƙa ba ka na yini ɗaya kawai. Idan zawo ya zo, sha ruwan gishiri da sukari. Kada ka cike gurbin da giya, kodin ko ƙwayar barci, domin haɗa su yana danne numfashi.

Kwaɗayin ƙwaya kan taso ya lafa cikin kusan rabin awa. Idan ya taso, tashi daga wurin, yi alwala, kira wanda ya san halin da kake ciki. Majalisar da kuka saba sha ka ƙaurace mata, lambar mai sayarwa ka goge.

Lokaci mafi haɗari shi ne bayan an yi makonni ba a sha ba. Jiki ya manta, adadin da aka saba sha a da yanzu yana iya kisa. Wanda ya zame ya koma wurin likita a ranar. In kuka ga mutum ba ya farkawa, numfashinsa sama-sama, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku ɗura masa komai, ku kira 112.